Ruwan Famfon Yaya Attahiru

Lolo,
12 ga Satumba, 1960.

Zuwa ga uwargidana Ruƙayyatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ɗiyarmu Hamsatu da duk mutanen gida. Yaya jikin Inna? Allah ya sa tana karɓar kunun da kike dama mata.

Na ƙetare kogin Kwara lafiya, ko da yake ruwa ya cika har ya shanye shinkafar bakin gaɓa. Gobe da safe zan bi ayarin Ɗanmusa mai albasa mu shiga ƙasar Dahome. Ta hannunsa wasiƙuna za su riƙa isowa duk ranar kasuwar Lolo, ke ma ki aiko da taki ta nan. Karatun yaƙi da jahilcin da nake yi miki dariya a kansa, ga ranarsa ta zo.

Kin ji abin da Inna ta ce da zan fito: kada in dawo Bagudo sai da Yaya Attahiru, tana so ta gan shi kafin ta cika. Abin da ba ki sani ba sosai, don lokacin ba a kawo ki gidan ba, shi ne abin da ya kore shi. Ni ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ina sabon duba-gari, kakina ko wanki biyu bai sha ba. Na shiga gidansa zagaye, na leƙa randar matarsa Kubura, na ga tsutsar sauro a ciki. Da na kau da kai, ba wanda zai sani. Amma maƙwabta sun cika ƙofa suna jira su ga ko zan ɗaga wa ɗan'uwana ƙafa. Sai na sa aka fito da randar aka fasa ta a kan hanya, na kuma rubuta sunansa aka kira shi gaban alƙali. Wana, uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin kaka ya kwashe iyalinsa ya ƙetare iyaka.

An ce yanzu yana Kandi yana aikin famfo. Mutanen Lolo sai yabon ruwan suke yi, wai murɗawa kawai ake yi ya zubo garai-garai. Ni dai ban yarda da shi ba. A makaranta an koya mana cewa ruwa yakan yi haske alhali da cuta a cikinsa, kuma matafiyi a ƙasar da ba tasa ba kada ya sha ruwan da bai ga tafasarsa ba, ko daga famfo ya fito. Wa ya san inda bututun ya bi, ko inda ya fashe a ƙarƙashin ƙasa? Shantalina yana cikin kaya, kada ki damu da cikina.

Ki gaya wa Inna na kusa. Ki shafa mini kan Hamsatu.

Mijinki,
Bunyaminu.

Kandi,
17 ga Satumba, 1960.

Ruƙayyatu,

Ina gaishe ki da gaisuwa ta ƙauna, ina kuma tambayar lafiyarku da jikin Inna. Ni jikina lau, zuciyata ce ba lafiya. Wannan wasiƙa ki karanta ta ke kaɗai.

Na same shi. Ya yi furfura, Ruƙayyatu, kuma tafiyarsa ta koma irin ta Baba sak. Da ya gan ni a ƙofa ya daɗe a tsaye, sannan ya shimfiɗa mini tabarma da hannunsa. Na gaya masa halin da Inna take ciki, na ga idonsa ya kawo ruwa. A raina na ce Allah ya riga ya gama mini aikina.

Akwai famfo a tsakar gidansa, shi kaɗai ne a duk unguwar. Bai bar Kubura ta kawo mini ruwan baƙo ba. Shi ya tashi da kansa, ya ɗauraye sabuwar ƙwarya har sau uku ina kallo, ya tara ta a famfo, ya durƙusa ya miƙo mini da hannu biyu. Babban wa ya durƙusa wa ƙaninsa!

Wallahi ban yi niyya ba. Hannuna ne ya yi abin da ya saba yi shekara goma sha ɗaya. Na karɓi ƙwaryar, na karkata ta wajen haske na leƙa ciki. Na kai ta hanci, na ji wani wari kamar na asibiti. Sai na ji bakina yana tambaya ko an tafasa. Na ajiye ta a gefen tabarma.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni, ya ɗauke ta ya zuba wa bishiyar lemun da ke gindin famfo. Ya sa hularsa ya fita, aka bar ni da Kubura.

Ita ta gaya mini cewa tun da labari ya iso wai ina hanya ya ɗaure kayansa, har ya sayi turmin atamfa zai kai wa Inna. Da ya dawo da dare sai ya kwance kayan. Ya ce zai je ya ga uwarsa a ranar da ya ga dama, amma ba zai haɗa hanya da mutumin da ya biyo shi har wata ƙasa don ya duba masa ruwa ba. In koma, in ji shi. To, in koma in ce wa Inna me?

Ki ce mata ruwan sama ne ya ɓata hanya. Allah ya yafe mini wannan ƙaryar da nake sa ki.

Naki,
Bunyaminu.

Kandi,
24 ga Satumba, 1960.

Uwargida,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na samu takardarki. Kin ce Inna ta daina cin tuwo, kuma duk sallamar da aka yi a zaure sai ta tambaya ko mu ne. Na karanta wurin nan har takardar ta yi laushi.

Yaya ba ya gari. Washegarin abin nan aka ce ana neman masu zuwa gyaran bututu wajen Malanbil, shi ya fara ba da sunansa. Ina zaune a zaurensa ina jira.

Da zama ya ishe ni na je na ga inda ruwan yake fitowa, kin san halina. Daga rijiya mai zurfi inji yake jawo shi zuwa wani babban tanki, a tace shi, a sa masa magani. Warin da na ji, warin maganin ne, irin wanda mu muke roƙo a ba mu a Bagudo ba mu samu ba. Kin san wanda yake auna maganin kowace safiya? Yaya Attahiru. Abokan aikinsa sun ce ba a taɓa yin mai tsanani irinsa ba, ko ganye ya gani a bakin tanki ranar ba mai shan iska. Ɗaya daga cikinsu ya ce ya taɓa jin sa yana cewa akwai wanda yake so wata rana ya zo ya sha ruwan nan.

Har yanzu ina nan a kan cewa matafiyi ya yi hankali da ruwan baƙon wuri, na ga waɗanda atuni ya kayar a hanya. Amma da na tambaya kafin in shinshina, da an gaya mini. Ranar da ya dawo, a gabansa zan cika ƙwaryar nan in shanye.

Ki riƙe mini Inna da addu'a.

Mijinki,
Bunyaminu.

Kandi,
3 ga Oktoba, 1960.

Ruƙayyatu,

Ina gaishe ki, ina yi miki gaisuwar rashin da muka yi. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Allah ya saka miki da alheri, ke da kika rufe mata ido alhali ta haifi maza biyu.

Ɗanmusa ya kawo takardarki ranar Asabar da hantsi. 'Yan Nijeriya da ke nan suna ta kiɗa a bakin kasuwa don murnar samun mulkin kai, ni kuwa ina zaune da takarda a hannu. Da la'asar Yaya ya dawo. Ni na gaya masa. Ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, ya tambaye ni ranar da ta cika. Na ce Talata. Ya ƙirga da yatsunsa, ni ma na riga na ƙirga. Da mun tashi washegarin isowata, da mun yi mako guda tare da ita.

Mutane suka taru aka yi addu'a. Da aka watse na miƙe na nufi famfo, ƙwaryar tana nan a rataye. Kafin in kai hannu Yaya ya kira Kubura, ya ce ta ɗora tukunya ta tafasa wa baƙo ruwa, kada cikinsa ya ɓaci a gidan mutane. A hankali ya faɗa, ba da fushi ba. Baƙo, Ruƙayyatu. Tun ranar, safe da yamma, tafasasshen ruwa ake kawo mini a kwano mai murfi, shi kuma Yaya yana zaune har sai na sha. Turmin atamfar nan ya ba ni in kawo miki. Ya ce shi ba abin da ya rage masa a Bagudo.

Gobe zan taso. Ki gaya wa Hamsatu ina tafe.

Jiya da safe, bayan Yaya ya fita aiki, Kubura ta tafi kasuwa, na je gindin famfon na murɗa. Na tara hannuna na sha, na ƙara, na ƙara har rigata ta jiƙe. Ruwa mai sanyi, mai daɗi. Ba wanda ya gan ni. Ga shi na kwana na wuni, ko murɗawa cikina bai yi ba.

Ki yafe mini, ki kuma roƙa mini gafara wurin Allah.

Mijinki,
Bunyaminu.