Kabris ɗin Yaya Saleh

Juma'a, 5 ga Janairu

Wata bakwai da rasuwar Yaya Saleh. Matarsa Wafa' ta kira ni, wai motarsa ta gasar tsere, Kabris ɗin nan, ta cinye musu gareji. Abokinsa Meshari yana so ya ɗauka, sai dai in wani a gida zai hau. Bakina ya riga ni, na ce ni zan hau. Ni Zaharadden, shekara hamsin da biyu, direban gidan mutane! Dariya ta yi har da tari.

Asabar, 6 ga Janairu

Na buɗe motar. Ƙamshin turarensa yana nan. Na rufe, na dawo.

Juma'a, 12 ga Janairu

Meshari ya kai ni filin tsere bayan la'asar. Miƙaƙƙiyar hanya ce, mita ɗari huɗu da ɗoriya, ba kwana. Na ce to ina wahalar? Ya nuna min sandar fitilu. Kana matsowa a hankali har tayar gaba ta tare wani siririn haske, ƙananan fitilu biyu su kama, ka tsaya. Sai fitilu ruwan ɗorawa uku su sauko, rabin sakan tsakaninsu, sannan kore. Ka riga kore, ja ta kama, ka faɗi, halas. Agogo biyu ne kuma: ɗaya na gudun mota, ɗaya na jinkirinka bayan kore.

Ƙafar hagu a birki, ta dama a totur, inji na kuka, sai ka saki birki gaba ɗaya. Na saki. Takarda ta fito, jinkirina sakan biyu da ɗigo ɗaya. Meshari ya dafe kai.

"Ya akhi, wa kake jira? Kafilinka, maigidanka?"

Ya ce ranar ashirin da shida ake rufe gwaji. In jinkirina ya sauko ƙasa da rabin sakan, ko sau ɗaya, mota tawa ce. In ba haka ba, shi zai hau, don ba zai bar motar Saleh ta yi tsatsa ba. Gaskiyarsa ne, amma na ji haushi.

Lahadi, 14 ga Janairu

Na san wanda nake jira. Baba ne.

A lungunan unguwar Sa'alaba ya koya mana tuƙi, a tsohuwar motar maigidansa. Aikin hajji ya kawo shi ƙasar nan ya zauna, shekara goma sha ɗaya ba iƙama, wato takardar zama. Yakan ɗora kofin shayi a gaban sitiyari. "In kore ta kama, ku ƙirga ɗaya, biyu, sannan ku tashi. 'Yan murur, 'yan sandan hanya, ba sa tsare mai jinkiri." Wanda ya zubar da shayi ya sha rankwashi. Kan Yaya Saleh kullum a kumbure, yana dariya. Ni ko ɗigo ban taɓa zubarwa ba, kuma da haka nake taƙama har yau. Allah ya jiƙansu. Ina kewarsu wallahi.

Juma'a, 19 ga Janairu

Na gwada sau huɗu. Mafi kyau, sakan ɗaya da ɗigo uku. Meshari ya ce in manta da kore sam, in saki birki da ruwan ɗorawa ta uku ta kama, don kafin ƙafa ta ɗaga, taya ta motsa, kore ta riga ta zo. Kai ya gane. Ƙafa ce ta ƙi, ita Baba take ji.

Laraba, 24 ga Janairu

A danjar Bagdadiyya na kama kaina ina ƙirgawa. Iƙamata lafiya lau take a aljihu. To tsoron me?

Juma'a, 26 ga Janairu

Na farko, ɗigo tara. Na biyu, ɗigo bakwai. Saura ɗaya.

Na jiƙa taya, na murza ta ta yi hayaƙi, na matso. Na ce Baba ka yi haƙuri. Ɗaya, biyu, kafin ta ukun ta gama kamawa na saki. Kabris ta ɗaga hanci, ƙeyata ta bugi kujera, na ji ina ihu ni kaɗai.

Ja ce ta kama. Na riga kore. Na faɗi.

Na fito na miƙa wa Meshari makulli, ban iya kallonsa ba. Bai karɓa ba. Ya zaro wata tsohuwar takarda daga walat ɗinsa, har ta koɗe. Ta Yaya Saleh ce, ranarsa ta farko a filin nan. Ja.

"Sharaɗi nawa ne, na janye," ya ce. "Yalla, tafi da motar ɗan'uwanka."

Lahadi, 28 ga Janairu

Na kai Hajiyar gidan da nake wa aiki asibiti a Safa. Da zan dawo ni kaɗai na sayi shayi, na ɗora a gaba kamar kullum. Kore ta kama. Ban yi gudu ba fa, ban karya doka ba. Ƙirgen ne dai na manta.

Shayin ya zube min a wando. Na taɓa kaina ina jiran rankwashi, sai na ji dariya ta ƙwace min, irin ta Yaya Saleh sak.