Kwanuka a Cikin Katafila

Kurmin Mashi, Kaduna

Zuwa ga Inna Harira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ya ciwon gwiwar? Na rubuto ne saboda in na kira waya Kawu Nasiru ke ɗauka, maganar kuma tasa ce.

Kin san kamfaninmu na gine-gine ya ɗora mini aikin auna hayaƙin da injinanmu ke fitarwa, irin wanda ke ƙara wa duniya zafi. Na maƙala wa kowane inji na'ura. Inna, katafilar Kawu ce ta zo ta ɗaya! Daga hantsi har bayan Azahar tana ruri, ko tana aiki ko ba ta yi. Manajanmu Alhaji Bello ya ce ƙarshen wata za a ajiye ta, direbanta ya koma gida.

Na tambayi Kawu dalili, ya harare ni ya ce, "Yarinyar da na yi wa huɗuba ce za ta titsiye ni?" Wallahi tsoro nake ji. Da hannuna zan raba mutumin da ya rene ni da aikinsa? Ki taimaka ki binciko mini.

'Yarki,
Zahra'u

*

Abakpa

Zahra'u 'yar boko,

Wa'alaikumus salam. Gwiwa da sauƙi, sai dai wasiƙarki ta sa na yi dariya har na ƙware. Wane bincike kuma? Ai tuwona ne!

Tun da gyambon ciki ya kama Kawunki ba ya cin abinci mai sanyi. Na sayo masa kula a Babbar Kasuwa, ya ce warin roba take. Sai ya koma ɗora kwanonsa a kan injin ya bar shi a kunne. Leburori suka gani, wannan ya kawo nasa, wancan ya kawo. Kin san halinsa, ba ya iya cewa a'a. Jiya na ɗan taɓo maganar, ya ce gara a sallame shi da ya tona asirin bayin Allah a haɗa da su. Taurin kai dai kamar na mahaifiyarki.

Ki je da hantsi ki ɗaga murfin injin da kanki. In kika ce ni na faɗa, ba ni ba ke.

Innarki

*

Kurmin Mashi

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Albishirinki!

Na je, kuma da Manaja na je. Kawu ya tare gaba yana ta tari, na ce, "Kawu, ka yi haƙuri," na ɗaga murfin. Inna, wurin kamar gidan biki! Samira, langa, har ƙullin alale a ganye.

Manaja ya fara faɗa, ya ɗauko wani kwano mai kyau yana tambayar na wane ne wannan. Da ya juya gindinsa sai ga "Hajiya Uwani" an rubuta da jan farce, yadda ake yi wa kwanukan biki. Matarsa ce! Ashe direbansa a nan yake ajiye masa abinci kullum, shi kuwa yana ta yabon Hajiya wai abincinta ba ya hucewa. Sai ya fashe da dariya, kowa ya samu bakin yin tasa.

Yanzu an kafa rumfa da faifan sola da abin ɗumama abinci. Kawu na kashe inji, hayaƙin katafilar ya faɗi warwas, maganar sallama ta mutu. Jiya da safe ma ya amsa gaisuwata.

Taki,
Zahra'u

*

Zahra'u,

Alhamdu lillahi, Allah ya yi miki albarka, na ji daɗi ƙwarai.

Sai dai kin haɗa ni da aiki. Kawunki ya ce tuwona ya canza, wai akwai wani ƙamshi da ya daina ji. Na ƙara daddawa, na ƙara man shanu, ya ce ba shi ba ne. Shekara da shekaru ina fasa kai, ashe warin man gas yake yabo!

Ki zo ranar Juma'a ki ci naki da zafinsa.

Innarki