Inna Ta Iske An Dawo Daga Maƙabarta

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke aikin titin garin bakin iyaka, kan hanyarmu ta shiga Nijar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, sunana Haladu, mutumin Kunci. Da damina manomi ne ni, da rani kuma ina lodin tumatir da albasa daga Watari zuwa kasuwannin iyaka. Ban yi boko mai zurfi ba, amma hanya na san ta.

Na farko. Ranar Talatar da ta wuce aka bugo mana cewa Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata da ke zaune a tsallaken iyaka, jiki ya yi tsanani, sunanta kawai yake kira. Na sauke kayan da na loda, na ɗauki Inna da hantsi. Muna shiga garin bakin iyakar muka tarar an gicciye titi da ganguna, babu allo, babu mai nuna hanya. Na sauka na roƙi ogan ma'aikatanka ya bar mu mu bi gefen da aka gama zuba wa kwalta. Ya leƙa ya ga tsohuwa, ya ce doka ce. Bai rufe baki ba wata jif mai baƙin gilashi ta iso, da hannunsa ya janye mata ganga.

Na biyu. Lungun da ya nuna mini da haɓa, tsakiyar kasuwa ya kai mu. Tirela a gaba, amalanken shanu a baya, ƙasa duk ta zama laka saboda ruwan da tankarku ta kwarara. Nan muka yi azahar, nan muka yi la'asar. Masu sayar da goro ne suka tura mu muka fita, Allah Ya saka musu.

Da muka isa, an dawo daga maƙabarta. Inna ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Haladu, da ƙafa na taho, da na same shi." Ajali na Allah ne, ban ɗora maka shi ba. Amma wunin da muka yi cikin laka, wannan naku ne.

Na uku. A dawowa na tsaya na ɗauki hoton wurin. Ogan ya ce ya riƙe lambar motata, in na kuskura na yaɗa, na gama bin titin nan. To, na yaɗa, ga shi kuma na ƙara da wasiƙa. Titin ba gadon gidansa ba ne. Ranar kasuwa mai zuwa zan biyo da albasa, ya tsaya ya jira ni.

Ba diyya nake nema ba. A kafa alluna tun daga bakin gari, a ajiye mai ba da hannu, a fitar da hanyar ratse daga cikin kasuwa. Marar lafiya da mai naƙuda a buɗe musu kamar yadda ake buɗe wa jif. Shi kuma ogan, ya zo Kunci ya yi wa Inna ta'aziyya. Duk wanda ya tambaya zai nuna masa gidan.

Allah Ya sa ku gama aiki lafiya. Ya sa ranar da naka ya kira ka, ka same shi da rai.

Wassalam.

Haladu Direba, Kunci.