Kirinjijiya Sun Dawo Tsibirin Baba

Zuwa ga ƙanena Tanimu a Kumasi. Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar nan taka? Mu nan Dudunni lafiya lau, gero ya fid da kai. Malam Isa ke rubuta mani, na ce kada ya gyara ko kalma ɗaya.

Ka tuna tsibirin tsakiyar tafki inda kirinjijiya, agwagin dajin nan, ke yin ƙwai, wanda Baba ya hana kowa taɓawa? Bara da rani Mati, mijin ƙanwarmu, ya jibge harawarsa can don gudun shanu. Na ce masa cikin harawar nan akwai baƙaƙen ɓerayen da motar gyadar Nasara ta kawo mana. Ya ce, "Haba Yaya, har ɓera za ka kai gaban alƙali?" Da tafki ya cika, ɓeraye suka rasa mafita, suka shanye ƙwan kaf, kirinjijiya suka ƙaurace.

Bana tun kafin ruwa na hana ajiya can. Kwana tara ina tura hayaƙin barkono cikin ramun ɓerayen ni kaɗai, har idona ya kumbura. Jiya da hantsi na ga uwar kirinjijiya tana iyo, 'ya'ya bakwai na biye da ita. Alhamdu lillahi, ban ci amanar Baba ba.

Mati na tsaye gefena, wai shi dama ya san za su dawo. Ka roƙa mani Allah ya ba ni haƙurin zama da shi. Ka gai da Hajara da yara.

Yayanka, Audu.