Sunayen da Na Karanta wa Baba

Gwaggo Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa. Ya jiki, ya ƙafar taki? Ya Alhaji da su Yaya Sadiya? Mu nan Funtuwa lafiya lau, an fara cire masara.

Gwaggo, na yi abin kunya. Matasan ƙungiyar masu lodin hatsi, wadda Baba ya daɗe yana shugabanta, sun kawo takarda suna so a riƙa yin zaɓe, a kuma raba layin lodi da adalci. Da yake Baba bai yi boko ba, ya kira ni zaure na karanta masa gaban mataimakansa. Da na gama ya ce, "Madalla ɗiyata. To, su wa suka sa hannu?" Daɗin yabo ya ɗebe ni, na jero sunayen duka, har na Malam Sani, baban ƙawata Hadiza.

Tun ranar ba a ƙara ba su lodin mota ko ɗaya ba. Jiya a makaranta Hadiza ta ce min, "Sannu malama, kin iya karatu." Na kasa ɗago kai.

Ba ni da bakin yi wa Baba magana, amma ke yayarsa ce, yana jin taki. Don Allah ki kira shi ya mayar da su layi kafin kaka ta wuce. Ko kin ce ni na gaya miki, na yarda.

Ki sa ni a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Ɗiyarki,
Zainab