Kulocin Fankar Barewa

Zuwa ga aminina Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya ƙarfin jiki? Yaya ɗiyarmu da maigidanta da jikoki? Allah ya ƙara sauƙi. Ɗiyarmu ta ce mini waya tana gajiyar da kai tunda harshen bai gama sakuwa ba, amma in ta karanta maka takarda kana saurare har da murmushi. To ga shi ka mayar da ni riƙe biro da tsufana.

Ranar da aka ɗauke ka zuwa gidanta na yi maka alkawarin da Barewa zan zo duba ka, ba da wata mota ba. Wata biyar ke nan, na sani. Laifinta ne. A buɗaɗɗen titi tana gudu lafiya lau, amma da na tsaya a danja sai allurar zafi ta fara hawa. Shekara ashirin da biyu kana buɗe mata bonet ina tsaye ina zuba maka surutu, abu ɗaya tak na koya a wurinka, gwajin jarida. Na bari injin ya ɗau zafi, na naɗe jarida na kai bakin fanka, sai fankar ta tsaya cak kamar an tsawata mata. Kulocin fanka ya mutu, Injiniya.

Na zaga layin masu kayan mota shago shago da hoton kulocin a hannu. Wani ya riƙe hoton a juye yana gyaɗa kai. Wani ya ce irin wannan mota mai ƙofa biyu, da aka shigo da ita daga waje, sau ɗaya ya taɓa gani a rayuwarsa, da na bincika ashe tawa ce ya gani. Mai walda ya ce in kawo ya liƙe fankar da ƙarfen gaba ɗaya kowa ya huta. Na tuna ranar da ka kore shi da sifana a kan wannan shawarar, ka ce zai mayar da Barewa tifa. Na yi dariya ni kaɗai a bakin titi har mutane suna waiwayo.

Na bi ta garejinka. Mai sayar da tayil ne a ciki yanzu. An ɗauke bencinmu, amma tabon baƙin mai yana nan a siminti, mai tayil ɗin ya goge ya gaji.

Ka gaishe da mutanen gida. Da na samu zan taho.

Naka,
Ba-Birki

Aminina Injiniya,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata ana ganin sauƙi, kuma kana daurewa da motsa hannun nan kamar yadda likita ya ce, duk da na san taurin kanka.

Har yanzu dai muna kan maganar Barewa. Kwanaki na je filin 'yan gwangwan da ke bayan tashar manyan motoci. Akwai wani dattijo a can mai tabarau ɗaure da zare, ya san inda kowace gawar mota take kwance kamar mai gadin maƙabarta. Ya fara fito mini da wani kuloci, girman ya yi daidai, amma ya ce nasa juyin ba irin na tawa ba ne, in na ɗaura zai yi ta tura iska gaba maimakon ya jawo ta ta cikin lagireto. Mun daɗe muna hira. Da na ambace ka ya ce ya san ka, kai ne mai jin ciwon mota da kunne tun ba ta shigo gareji ba. 

Na ce bari in fara cire tsohon kafin lokaci. Kwana uku ina fama da babban notin da ke riƙe da shi, na zuba mai, na ƙara wa sifana bututu, na hau da ƙafa. Ko gezau. Na samu targaɗe a babban yatsa, shi ne ribata.

Gidan ya yi mini faɗi. Tun rasuwar mai ɗakina kai ne ke cike mini safiya, yanzu sai in dafa shayi in ga na jera kofi biyu. Yara suna kira ranar hutu, minti biyar, su ce in sayar da motar in huta. Ba su san in na zauna a cikinta ina jin ƙamshin sabulun da kake wanke hannu da shi ba. Na yi kewarka ƙwarai, ba na jin kunyar faɗa.

Af, wai shi kulocin nan, in mutum zai ajiye shi, a tsaye ake jingine shi ko a kwance? Tambaya ce kawai.

Allah ya ba ka lafiya. A shafa mini kan jikoki.

Naka,
Ba-Birki

Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da ɗiyarmu da ta zauna tana haɗa kalmominka ɗaya bayan ɗaya har suka zama takarda. Allah ya yi mata albarka.

Na karanta ta fi sau goma. Ka ce notin baibai ne, dama ake juya shi ya kwance, wato kwana ukun nan ƙara ɗaure shi nake yi. Ka ce a tsaye ake ajiye kuloci don kada man cikinsa ya tsiyaye. Sannan ka ce ba mai tambayar yadda ake ajiye abu sai wanda abin ke hannunsa, kuma motocin haya ba su ƙare a tasha ba. A ƙasa na ga rubutun hannunka na hagu, a karkace, haruffa biyu: Zo.

Ka kama ni. Tun ranar da na je wurin dattijon nan na samu. Bayan na farkon ya sake shiga cikin ƙarafa ya fito da na gaskiya, a jikin wata irin Barewa da ta yi hatsari. Sati biyar yana cikin kabad, tsakanin zannuwan marigayiya. Allah ya sa a tsaye na cusa shi, ba don na sani ba.

Tsoro nake ji, shi ke nan. Ni na san ka kana ɗaga giyabos kai kaɗai kana yi mini tsiya. Ranar da za a sa ka a mota ka dube ni kana son kiran sunana, bakin ya ƙi. Na zaga bayan gareji na yi kuka kamar yaro. Tun daga nan duk shagon da aka ce mini babu, sai in ji wani sanyi a raina, na samu hujjar ƙarin sati guda. Ka yafe mini.

Jiya da hantsi na juya notin dama, ya saki kamar dama jira yake. Na ɗaura sabon da hannuna. Na bar ta a tsaye tana aiki rabin awa cikin rana, allura ba ta wuce tsakiya ba. Jarida kuwa fankar ta yi kaca-kaca da ita, har yanzu ina tsintar guntaye a tsakar gida.

Asabar da sassafe zan kamo hanya, in Allah ya yarda. Ka sa a zaunar da kai kusa da taga. In na iso ba zan kashe injin ba sai ka saurara, in na yi daidai ka ɗaga mini hannun hagun, in na yi shirme ka jefe ni da abin da ke kusa. Kada maganar harshe ta dame ka. Dama can ni ke surutun, kai kana aiki.

Sai na iso.

Amininka,
Ba-Birki