Na goge da'irar Baba

Yaya,

Na fita aiki, ban so in tashe ki ba. Taswirar tafiyarmu tana kan tebur, kar ki naɗe ta.

Jiya da muke zaɓen wuraren da za mu tsaya in mun sauka daga jirgi mun ɗauki motar haya, kin ga Baba ya zagaye wuri ɗaya tak da fensir, ya ce shi tafkin nan kawai yake so ya gani. Da safen nan na auna hanyar. Awa tara ce a mota, kuma likita ya ce bayansa ba zai jure zaman da ya wuce awa uku ba. Sai na goge da'irar tas, da niyyar in ce kwanakin ne ba su isa ba.

Ina gamawa na fara nadama. Idonsa kullum ƙara dushewa yake, kuma wannan ce fitarsa ƙasar waje ta farko, wataƙila ta ƙarshe. In mun kai shi bayansa zai sha wuya, amma wa ya ba ni ikon zaɓar masa? Na juya abin a raina har shayina ya huce. Na so in mayar da da'irar, sai na tarar tafkuna huɗu ne a jere, ban san nasa ba.

Don Allah in ya tashi ki faɗa masa ni na goge, da dalilin. Ni ba zan iya kallonsa in faɗa ba.

Ƙaninki